Tsutsar Cynthia Kenyon da Batun Saurin Tsufa

 Yau maganar tsufa za mu yi, kuma za mu shige ta ne ta kan aikin wata masaniya 'yar Amurka, Farfesa Cynthia Kenyon, wadda a shekarar 1993 ta wallafa sakamakon gwajin da ta yi a kan wata 'yar tsutsa, sakamakon da har gobe masu binciken tsufa suke kafa hujja da shi. An haura shekara talatin ke nan, kuma babu kantin magani ko ɗaya a duniya da mutum zai shiga ya sayi ƙwayar hana tsufa da aikinta ya haifar. Duk da haka ra'ayina shi ne tana cikin sahun gaba na waɗanda suka yi tasiri a wannan fanni, domin ita ce ta kawo shaidar da ta tilasta wa masana su yarda cewa jiki yana da hannu a saurin tsufansa, kuma ana iya taɓa wannan sauri. Masu ja da wannan ra'ayi suna da hujjoji masu nauyi, za mu kuwa saurare su.

Kafin a gane girman abin da ta yi, sai an san yadda ta tarar da fannin. Har zuwa wajen shekarun 1980, galibin masana ilimin halittu suna ɗaukar tsufa a matsayin lalacewa kawai: jiki yana aiki, ɓarna tana taruwa a cikinsa ta ko'ina, har ranar da ya gaza. Suna da dalilinsu. Masanin nan na Birtaniya, Peter Medawar, ya yi bayani tun 1952 cewa ba kasafai dabbar daji take kaiwa ga tsufa ba, yunwa ko cuta ko wata dabbar ce ke gamawa da ita tun tana da ƙarfinta, saboda haka da wuya a ce jiki yana da wani tsari na musamman mai kula da tsufa. In kuwa babu tsari, to babu abin bincike sai tarin ɓarna iri-iri, kowace da sanadinta. Shi ya sa matashin masani mai son ya yi suna yakan kauce wa fannin. Amma akwai abubuwan da wannan bayani ya bari a rataye. Ɓera yakan yi shekara biyu zuwa uku ya mutu ko da an killace shi ana ciyar da shi, alhali akwai jemagun da ba su kai shi nauyi ba suna haura shekara talatin. Sarauniyar ƙudan zuma da ma'aikatanta daga ƙwai iri ɗaya suke fitowa, abincin da aka ba su tun suna ƙanana ne ya bambanta, amma ita ta yi shekaru, su kuwa a lokacin aiki 'yan makonni ne. Sannan tun 1935 Clive McCay na Jami'ar Cornell ya nuna cewa ɓerayen da aka rage wa abinci, ba tare da an hana su sinadaran da jiki ke buƙata ba, sun fi 'yan'uwansu daɗewa. Ruwa ba ya tsami banza. Akwai alamar wani abu a cikin jiki yana saita gudun tsufa, sai dai ba a kai ga gano shi ba.

Ita Kenyon ba da tsufa ta fara ba. Ta yi digirinta na uku a cibiyar MIT, ta kammala a 1981, tana nazarin yadda ƙwayoyin bakteriya ke tayar da wasu ƙwayoyin gado nasu don gyara ɓarna idan ta same su. Daga nan ta tafi Kambirij ta Ingila, ɗakin binciken Sydney Brenner, wanda daga baya ya samu kyautar Nobel a 2002, kuma shi ne ya jawo hankalin duniya ga tsutsar da ake kira C. elegans. Wannan tsutsa tsawonta kamar milimita ɗaya ne, jikinta garau yake ana hango cikinta ta madubin bincike, ƙwayoyin halittar jikinta 959 ne cif, kowace an san inda ta fito. Cikin kwana uku take girma, ta zuba ƙwai kusan 300, ta tsufa ta mutu cikin mako biyu zuwa uku. Wannan gajartar rai ita ce dukiyar mai bincike: gwajin da zai ci shekara uku a kan ɓera, ko ya ci rayuwar mai binciken kansa in a kan mutum ne, a kan tsutsa wata biyu ya isa. A 1986 Kenyon ta samu nata ɗakin binciken a Jami'ar Kalifoniya da ke San Francisco, tana nazarin yadda jikin tsutsa ke tsaruwa tun daga ƙwai. A can ta ga da idonta cewa duk wani mataki na girman halitta akwai ƙwayoyin gado masu ba da umarni a kansa, kuma irinsu ne ke aiki a ƙuda da ɓera da mutum. Sai ta yi tunanin cewa zai zama abin mamaki a ce tsufa ne kaɗai aka bari ba mai kula. Ta sha faɗa a bainar jama'a cewa da ƙyar ta samu ɗalibin da ya yarda ya ɗauki aikin, har sai da wani mai suna Ramon Tabtiang ya amsa.

Bari mu leƙa yadda ake irin wannan gwaji, domin mutane kan ɗauka akwai wasu manyan injuna a ciki. Ƙananan farantai ne na roba, an zuba musu wani abu mai kama da daskararren kunu, an shafa bakteriya a kai a matsayin abinci. A kowane faranti a sa 'yan tsutsotsi da aka ƙyanƙyashe rana ɗaya. Kullum ko bayan kwana biyu mai bincike ya zauna gaban madubi da wata siririyar waya a hannu, ya ɗauke manyan ɗaya bayan ɗaya ya mayar da su sabon faranti don kada su cakuɗe da 'ya'yansu. Wadda ta kwanta shiru sai ya ɗan taɓa kanta da bakin wayar. In ta motsa ya rubuta tana raye, in ba ta motsa ba ya rubuta ta mutu, ya fitar da ita. Tsohuwar tsutsa ba ta ɓuya: tafiyarta ta yi sanyi, maƙogwaronta da ke harbawa ba tsayawa lokacin ƙuruciya ya rage gudu, fatarta ta yamutse. A gwajin Kenyon, tsutsotsi na yau da kullum ba su cika mako uku ba a matsakaici. Waɗanda aka raunana musu ƙwayar gado guda ɗaya tak, wadda ake kira daf-2, sun kai kusan mako shida. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne, a ranakun da na farkon suke kwance suna mutuwa, waɗannan suna ta kai-komo a kan faranti kamar matasa. Sai kuma aka gano cewa in aka kashe wata ƙwayar gado ta biyu, daf-16, duk ƙarin kwanakin ya ɓace. Wannan shi ne abin da mujallar Nature ta buga a ƙarshen 1993.

A lokacin ba a san ainihin aikin waɗannan ƙwayoyin gado biyu ba, an dai san suna da hannu a wani dogon barci da ƙananan tsutsotsi ke shiga idan abinci ya yi ƙaranci, barcin da kan kai su watanni. Sai a 1997 ɗakin binciken Gary Ruvkun a Boston ya gano cewa daf-2 ita ce ke ƙera abin da ke karɓar saƙon wani sinadari ɗan'uwan insulin, wato sinadarin nan da duk mai ciwon sukari ya san sunansa, da kuma ɗan'uwansa mai sa girma da ake kira IGF-1. A wannan shekarar kuma Ruvkun da Kenyon, kowa a ɗakinsa, suka nuna cewa daf-16 shugaba ce mai kunna wasu ƙwayoyin gado da yawa, kuma mutum ma yana da irinta, ana kiran danginta FOXO. Abin ya yi kama da halin magidanci: shekarar da damina ta yi kyau, rumbu ya cika, hankalinsa yana kan ƙara ɗaki da ƙara iyali, shekarar da ya hango fari kuwa sai ya dakatar da wannan, ya koma liƙe rumbu, gyaran katanga da tattalin abin da ke hannu. Idan saƙon insulin yana da ƙarfi, jiki ya ji akwai wadata, sai ya karkata ga girma da haihuwa. Idan saƙon ya yi rauni, sai daf-16 ta shiga aiki, ta kunna masu share gurɓatattun sinadarai, masu gyara furotin da ya lanƙwashe, da masu yaƙar ƙwayoyin cuta. Coleen Murphy, wadda ta yi aiki a ɗakin Kenyon, ta fitar da jerin irin waɗannan a 2003. Ashe dai waɗanda suka ce tsufa ɓarna ce ba su yi ƙarya ba. Abin da ya kuɓuce musu shi ne jiki yana da masu gyara, kuma ba kullum yake sa su aiki da iyakar ƙarfinsu ba.

Suka ta farko da ake yi ita ce ba Kenyon ce ta fara ba, kuma wannan gaskiya ne. Michael Klass ya ware tsutsotsi masu tsawon rai tun 1983, sannan Tom Johnson da David Friedman suka nuna a 1988 cewa canji a ƙwayar gado ɗaya, wadda suka sa wa suna age-1, shi ke jawo hakan. Duk wanda ya ba da tarihin nan ya tsallake su ya yi musu rashin adalci, kuma 'yan jarida sun sha yin haka. Amma sai a tambaya, me ya sa aikin 1988 bai girgiza fannin ba, na 1993 ya girgiza shi? Na farkon an yi masa uzuri iri-iri: wasu suka ce tsutsotsin ba sa cin abinci sosai ne, wasu suka ce ƙarancin haihuwa ne ya tsawaita musu rai. Na Kenyon ya zo da ninki biyu cur, a jikin dabba mai kuzari mai haihuwa, ya kuma zo da ƙwayar gado ta biyu da ƙarin ya dogara a kanta. Ƙwaya ɗaya ana iya cewa dace ne. Biyu masu aiki a jere alamar hanya ce, hanya kuwa ana iya bin ta a ga inda ta nufa. Daga baya ma aka gano age-1 ɗin Johnson a kan wannan hanyar take, tsakanin daf-2 da daf-16. Saboda haka ladan na mutane da yawa ne, amma gwajin da ya sa ɗakunan bincike suka juya akalarsu nata ne.

Suka ta biyu ita ce wadda na tabbata tana bakin da yawa daga cikinku: ina ruwan mutum da tsutsa? Amsar ta zo daki-daki, kuma ba duka ce mai daɗi ba. A 2001 ƙungiyoyi biyu, ta Marc Tatar a Amurka da ta Linda Partridge a Landan, suka raunana wannan hanya a jikin ƙananan ƙudajen nan masu taruwa kan ruɓaɓɓiyar ayaba, ƙudajen suka ƙara kwana. Tun 1996 Andrzej Bartke da abokan aikinsa sun ba da rahoton wasu wadannin ɓeraye marasa sinadarin girma da ke daɗewa fiye da sauran nesa ba kusa ba. A 2003 Martin Holzenberger a Faransa ya rage wa ɓeraye rabin abin da ke karɓar saƙon IGF-1, suka ƙara kusan kashi 26 cikin ɗari, ko da yake da aka maimaita gwajin a wani wuri ƙarin ya ragu ƙwarai. A ɓangaren mutane, a 2008 Bradley Willcox ya duba dattawa 'yan asalin Japan mazauna Hawai, ya tarar wani nau'i na FOXO3 ya fi yawa a jikin waɗanda suka kai shekara 95 zuwa sama, kuma an sake ganin haka a Jamusawa da wasu al'ummu. Ku lura da yadda abin ke tafiya: a tsutsa ninki biyu, a ɓera wani kaso, a mutum 'yar ƙarin dama kawai. Duk wanda ya ce muku za a ninka wa ɗan Adam shekaru saboda an ninka wa tsutsa, bai karanta alƙaluman ba. Amma wanda ya ce tsutsa ba ta koya mana komai ba shi ma sai ya yi bayanin yadda aka yi hanya ɗaya ta ɓullo a halittu huɗu da ba su yi kama da juna ba.

Akwai wani misali daga ƙasar Ekwado da ya cancanci a tsaya a kansa, domin ya nuna alheri da iyaka a lokaci guda. A wasu ƙauyukan kudancin ƙasar akwai mutanen da aka haifa da larurar da ake kira ta Laron: jikinsu ba ya amsa saƙon sinadarin girma, IGF-1 ɗinsu kaɗan ne, kuma gajeru ne ƙwarai. Likita Jaime Guevara-Aguirre ya bi lafiyar kusan ɗari daga cikinsu sama da shekara ashirin, shi da Valter Longo suka wallafa sakamakon a 2011. Ba a samu mai ciwon sukari ko ɗaya a cikinsu ba, duk da cewa da dama daga cikinsu suna da ƙiba, ciwon daji kuwa mutum ɗaya ya kama, bai kuma yi ajalinsa ba. Danginsu masu tsayi irin na kowa, waɗanda suke zaune wuri ɗaya da su, suna kamuwa da cututtukan biyu kamar sauran jama'a. Sai dai waɗannan mutane ba su fi danginsu tsawon rai ba, domin haɗurra, shaye-shaye da farfaɗiya sun ɗauki da yawansu. A nan ya zama dole in ja kunne: kada mai ciwon sukari ya ji an ce raunin saƙon insulin yana tsawaita ran tsutsa, ya je ya ajiye allurarsa ko ƙwayarsa. A jikin mutum, idan gaɓoɓi suka daina jin saƙon insulin, wannan shi ne ciwon sukarin kansa, kuma yana kashe ƙoda da ido da jijiyoyi. Ita kanta Kenyon ta nuna a 2009 cewa ƙara wa tsutsa sukari a abinci yana rage mata kwana.

Suka ta uku ta fi sauran zurfi, kuma daga cikin fannin ta fito. In har jiki yana iya daɗewa haka, me ya sa ba ya yi da kansa? Wataƙila akwai farashi. A 2004 ɗakin binciken Gordon Lithgow ya haɗa tsutsotsin daf-2 da na yau da kullum a faranti ɗaya suna gasar abinci, cikin 'yan zuriya kaɗan masu tsawon ran suka ƙare, domin sun fi ƙarancin haihuwa a farkon rayuwarsu. A 2005 Wayne Van Voorhies ya zuba su cikin ƙasa maimakon faranti mai tsabta, a nan ma suka riga na yau da kullum mutuwa. A 2015 kuma ɗakin Heidi Tissenbaum ya ba da rahoton cewa wasu daga cikin tsutsotsi masu tsawon rai, ƙarin kwanakin nasu yawanci a kwance suke yin sa cikin rauni, wanda ba shi ne abin da kowa ke fata wa iyayensa ba. Wasu masana sun ja da yadda aka auna, ita ma Kenyon ta koma kan batun a 2017, ta amince cewa tsutsar daf-2 tana da dogon lokacin rauni a ƙarshe, ta danganta shi da cewa tana jure wa bakteriyar da ke cika hanjin tsohuwar tsutsa ta kashe ta. Ni a ganina wannan suka ta rage wa labarin ƙyalli, amma ba ta taɓa ginshiƙinsa ba. Cewa akwai farashi yana nufin akwai ciniki, kuma inda ake ciniki akwai mai yanke shawara a cikin jiki. Haka kuma Andrew Dillin, shi ma a ɗakinta, ya nuna a 2002 cewa in aka bar tsutsa ta girma tukuna sannan aka raunana daf-2, tana samun ƙarin kwanan ba tare da girmanta ya tawaya ba. Wato ana iya raba wani ɓangare na ribar daga asarar.

Sai maganar kuɗi da magani, inda masu suka suka fi samun abin faɗa. Kenyon da Leonard Guarente sun kafa kamfanin Elixir don neman maganin da zai bi wannan hanya, kamfanin ya rufe bai fitar da shi ba. A 2008 kamfanin GSK ya sayi wani kamfani mai suna Sirtris a kan dala miliyan 720 saboda begen da aka ɗora a kan sinadarin resveratrol da danginsa, bayan shekara biyar ya rufe ofishinsa. A 2013 Google ya kafa Calico, Kenyon ta koma can a 2014 tana jagorantar binciken tsufa, kuma har yanzu babu maganin tsufa da ya fito daga can. Duk wannan haka yake, kuma hayaniyar da attajirai ke yi a kan batun ta zubar wa fannin da mutunci a idon mutane da dama. Amma a gefe guda, Cibiyar Nazarin Tsufa ta gwamnatin Amurka ta kafa wani shiri da ake gwada kowane magani a kan ɓeraye a ɗakunan bincike uku lokaci guda, don kada wani ya yaudari kansa. Wannan shiri ne ya gwada resveratrol ya ce bai ƙara wa ɓera kwana ba. Shi ne kuma a 2009 ya nuna cewa rapamycin, maganin da aka samo daga bakteriyar ƙasar tsibirin Rapa Nui, ya ƙara wa ɓeraye mata kusan kashi 14 cikin ɗari, maza kashi 9, duk da sai da suka kai kwana 600, wato sun manyanta, aka fara ba su. Rapamycin yana aiki ne a kan wata hanya maƙwabciyar ta insulin, ita ma mai auna wadatar abinci. Magani ne da likitoci ke ba waɗanda aka yi wa dashen ƙoda don ya danne garkuwar jiki, saboda haka ba abin da mai lafiya zai saya ya sha ba ne. Abin lura shi ne, da ba a yarda tsufa yana da saiti ba, babu gwamnatin da za ta kashe kuɗi tana gwada magani a kan tsofaffin ɓeraye masu lafiya, kuma da babu ma'aunin da zai ƙaryata 'yan talla.

A nan ne, a ganina, ainihin tasirin yake. Asibiti ya saba ɗaukar cututtukan manya ɗaya-ɗaya: ga likitan zuciya, ga na ciwon daji, ga na sukari, ga na ƙwaƙwalwa. Alhali babu abin da ke ƙara haɗarin kamuwa da dukansu kamar yawan shekaru. Tun 1990 Jay Olshansky da abokan aikinsa suka lissafa cewa ko da za a kawar da ciwon daji baki ɗaya daga Amurka, abin da zai ƙaru a matsakaicin tsawon rai bai wuce shekara uku da 'yan kai ba, domin wanda ya tsira daga wannan, wata cutar tsufan tana jiransa. Dabbobin da aka sassauta wa gudun tsufa kuwa, sau da yawa cututtukan nasu gaba ɗaya ne ke jinkirta zuwa. Daga nan aka samu ra'ayin da yanzu cibiyoyi da dama ke aiki a kansa, cewa taɓa tushen ya fi bin rassa ɗaya bayan ɗaya. Ba a tabbatar da shi a jikin mutum ba tukuna. Amma ra'ayi ne da ake iya gwadawa, kuma kafin 1993 ko a taron masana da wuya a saurari mai faɗinsa.

Wani zai ce, Malam, mu da yaranmu ke mutuwa da zazzaɓin cizon sauro da ƙyanda da rashin abinci mai gina jiki, ina mu ina binciken tsufa? Ya yi gaskiya a kan abin da ya kamata a sa a gaba. Rigakafi da ruwa mai tsabta da ungozoma ƙwararriya sun fi kowace ƙwayar gado ƙara wa al'ummarmu shekaru. Binciken tagwaye a Denmark a 1996 ya ƙiyasta cewa gado bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu na bambancin tsawon rai tsakanin mutane ba, wani binciken da masanan Calico ɗin kansu suka yi a 2018 ma ya ce bai kai kashi 10 cikin ɗari ba. Amma idan aka ce matsakaicin tsawon rai a Najeriya shekara hamsin da 'yan kai ne, mutuwar ƙananan yara ce ta ja adadin ƙasa; wanda ya kai sittin yakan ƙara fiye da shekara goma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu shekara 60 zuwa sama sun kai biliyan 1 a 2020, za su kai biliyan 2.1 a 2050, kuma kashi 80 cikin ɗari nasu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita za su kasance. A wajenmu kuwa ba a saba kai tsoho wani gida a ajiye ba. In shanyewar ɓarin jiki ko gigin tsufa ya kwantar da Baba ko Inna, 'ya'ya mata da matan 'ya'ya ne ke ɗauke da jinyar shekara da shekaru. Batun ajali kuma ba ya cikin wannan muhawara. Rai a hannun Allah yake, kuma babu masanin kirki da ya ce zai hana mutuwa. Abin da ake nema shi ne dattijo ya iya zuwa masallaci da ƙafarsa, ya gane jikokinsa, kamar yadda ake neman maganin hawan jini ba wanda ya ce an ja da ƙaddara. Masu yawo da lasifika a kasuwa da masu talla a Facebook da sunan maganin mayar da tsoho yaro, su dai ku sani babu hukumar magunguna a duniya da ta amince da wani magani a matsayin mai rage gudun tsufa.

Abin da ya rage shi ne gwaji a kan mutane, kuma nan ne tafiyar ta yi nauyi. Hukumomin magunguna ba su lissafa tsufa cikin cututtuka ba, don haka kamfani ba shi da takardar da zai nema a kansa. Nir Barzilai na birnin New York da abokan aikinsa sun tsara wata dabara: a ɗauki mutum kusan 3,000 masu shekara 65 zuwa 79 waɗanda ba su da ciwon sukari, a ba rabinsu metformin, ƙwayar nan da masu ciwon sukari a garuruwanmu suka sani sarai, a bi su shekara shida a ga ko ciwon zuciya, ciwon daji, mantuwa da mutuwa za su jinkirta gaba ɗaya. Sun tattauna tsarin da hukumar magunguna ta Amurka tun 2015. Ba lallai ne metformin ya ci jarrabawar ba, domin a shirin ɓerayen nan na ɗakuna uku bai nuna wani ƙarin kirki ba da aka ba da shi shi kaɗai. Amfanin gwajin shi ne ya buɗe ƙofar da wasu magungunan za su bi. An shafe shekaru ana neman kuɗin gudanar da shi, dalili kuwa shi ne metformin tsohon magani ne mai araha da kowane kamfani ke iya ƙerawa, babu wanda zai mayar da kuɗinsa in an yi nasara.